Mushen Ɗiyata Yana Tsoron Kakina

Assalamu alaikum Inna Saratu. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Asabar, don abin da ba a koya mana ba wajen horo ya same ni, kuma ina jin kunyar faɗa wa abokan aiki.

Ni jandarma ne, mutumin Damagaram. Bara aka turo ni Ƙonni, yawanci ina shingen binciken motoci na hanyar Tsarnawa. Ina da ɗiya, bari in kira ta Zulaiha, tana aji uku a wata lakwal kusa da gidanmu. Malaminsu Mushe Lawali (mushe muke ce wa malamin lakwal) saurayi ne ɗan kwantiragi, kuma yana da wata al'ada mai kyau. Kowace Juma'a yakan ce yara su je gida su karanta wa iyayensu darasin makon. Zulaiha takan tsaya gabana ta buɗe littafi ta zubo Faransanci tiryan-tiryan, ni kuma ina goge takalmi ina gyaɗa kai, har in kira maƙwabta su ji. Ban taɓa leƙa littafin ba, Inna. Muryar kawai nake bi.

Ran nan wata babbar motar siminti daga Malbaza ta lalace a ƙofar gidanmu. Don in burge direban sai na ce Zulaiha ta karanta masa abin da aka rubuta a jikin motarsa. Ta kalli rubutun da kyau, ta gyara tsayuwa, ta karanto mana cewa inna ta tafi kasuwa ta sayo tumatir. Darasin makon ke nan. Na shiga gida na ɗauko gwangwanin sardin na miƙa mata, nan ma inna ta tafi kasuwa. Direban ya shige ƙarƙashin motarsa, amma ina ganin ƙafafunsa suna rawa don dariya. Ashe yarinya haddacewa take yi da kunne, baƙi ɗaya ba ta iya haɗawa da wani.

Da aka kira taron iyaye na ce to, yau zan ji gaskiya. Daga wurin aiki na wuce kai tsaye, da kakina da hulata da komai. Ina shiga ajin surutu ya ɗauke. Wani direban tasin daji, wato motar hayar ƙauyuka, ɗan Dogarawa da na zauna kusa da shi ya ce zai kewaya, har aka tashi bai dawo ba. Bencin yara ne, gwiwoyina suna neman taɓa haɓata, amma na daure. Da aka zo kaina na tambayi yadda karatun ɗiyata yake, sai Mushe Lawali ya miƙe tsaye ƙiƙam, gumi yana zuba, ya ce Zulaiha ita ce tauraruwar ajin, bai taɓa ganin yarinya irinta ba. Na sake tambayarsa ta wata hanya, na kuma sakewa, yadda muka saba idan muna son mutum ya gyara bayaninsa. Sai ya tambaye ni ko ya kira darakta ya zama shaida. Wallahi ban ɗaga murya ba. Matata Uwani dai ta ce muryata ta gida ma tana sa kaji gudu.

Ita Uwanin ce ta jiyo sauran labarin wajen matan unguwa. Wai tun farkon shekara Zulaiha ta sanar wa ajinsu cewa babanta yana da ɗaki na musamman inda yake kulle malaman da ke ba ɗiyarsa sifiri. Tun daga nan aka naɗa ta shugabar aji, ba ta shara, ba a kiranta gaban allo. Kuma wai babur ɗin mushe ba shi da takardu, shi ya sa ya daina bin shingenmu da safe. Ta cikin gonakin gero yake zagayowa, ya iso lakwal a makare da ƙarangiya a wando. Uwani tana ba ni labarin tana dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ban ga abin dariya ba.

Asabar mai zuwa za a sake taro. Uwani ta ce in zauna gida ita ta je. Wani abokina ya ce in kai ƙarar mushe wajen darakta, amma na san ɗan kwantiragi aikinsa a bakin ƙofa yake, kuma na ji shi ke riƙe da tsohuwarsa. Na yi tunanin canza wa yarinyar lakwal, sai na tuna da bakinta za ta tafi. Ga kuma zancen babur. In na kama shi a ce ramuwa ce, in na kau da kai a ce na sayi maki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne takwarorinta suna karanta allunan shaguna a hanya, ita kuma tana wucewa tana taƙama da hular babanta. Ina son yarinyar nan, Inna. Yaya zan yi a faɗa mini gaskiya?

Mai Kaki, Ƙonni

Wa alaikumus salam ɗana Mai Kaki. Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, amma na ga damuwarka ta uba ce, kuma ka zo da wuri. Yarinya 'yar aji uku ba ta makara ba.

Mushe Lawali bai kyauta ba. Malamin da ya san yarinya ba ta karatu ya kuma ce wa ubanta tauraruwa ce, ya cuce ta, ko da tsoro ne ya sa shi. Sai dai ka dubi abin da ya gani ranar. An riga an gaya masa akwai ɗakin kulle malamai, sai ga mai ɗakin ya shigo da kaki yana maimaita masa tambaya gaban jama'a. Ko ni ce sai in ce Zulaiha ta isa ta koyar da ajin.

Kada ka kai ƙararsa, kada kuma ka cire yarinyar. Kafin Asabar ka sa doguwar riga da silifa, ka ɗauki Uwani, ku same shi bayan an tashi yara. Bari Uwani ta fara gaisuwa. Kai kuma kada ka yi masa tambaya ko ɗaya. Ka ba shi labarin motar simintin da bakinka, ka yi dariya, ka ce ka san Zulaiha ba ta iya karatu ba kuma taimakonsa ka zo nema. Idan ka riga shi faɗin gaskiyar, ba abin da ya rage masa ya ɓoye, sai ya gaya maka inda aka bar ta a baya.

Zancen babur daban yake, kada ka haɗa shi da karatu. Ka ce masa a fili ya je ya yi takardunsa kamar kowa, kuma makin Zulaiha ba zai ƙara masa ko ya rage masa komai a shinge ba. In ya zo wucewa ka bar wani abokin aikinka ya duba shi.

Ita kuma Hajiya Zulaiha, ba duka ba tsawa. Yarinyar da ke haddace darasi da ji kawai, ta kuma tsorata malami da labarin da ta ƙirƙira, kai gare ta. Ka zaunar da ita ka gaya mata ƙaryar da ta yi ta jawo wa malaminta wahala, ta ba shi haƙuri, ta kuma faɗa wa 'yan ajinsu da kanta cewa babu wani ɗaki. A mayar mata da tsintsiyarta. Ku kai ta likita a duba idonta, don wasu yaran kunne suke dogara da shi saboda allo ba ya fito musu sosai. Ranar Juma'a kuma ka ajiye takalmin nan, ka zauna kan tabarma kusa da ita, yatsanta a kan baƙi, kaɗan-kaɗan. In ta yi kuskure ka bar ta ta sake gwadawa, ka yabe ta in ta dace.

Ranar taron ka je, wurinka ne, kuma ku je tare da Uwani. Ka zauna baya, ka bar sauran iyaye su riga ka magana, don su ma suna da 'ya'yan da suke son jin gaskiya a kansu. In mushe ya ce maka Zulaiha tana baya, ka yi masa godiya da ƙarfi kowa ya ji.

Allah ya buɗe mata karatu, ya ba ku haƙurin rainonta. Ka gaida mini Uwani.

Inna Saratu