Amanar Jummai

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Mai Magarya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, tare da durƙuson da kika koya mana, ina fatan Allah ya yalwata miki makwanci. Mutanen gida duk lafiya. Magaryarki ta tsakar gida tana nan, yaran maƙwabta suna ta jifanta, ni kuma ina yi musu faɗa da irin muryar nan taki da na sha rantsuwa ba zan gada ba.

Inna, labari na kawo miki, kuma na san tambayarki ta farko: wa ya ba ki izini? Ki kwantar da hankalinki. Mai labarin ce da bakinta ta ce in rubuta, har ta ce kada in ɓoye suna. Za ki ji yadda aka yi.

Kin tafi kin bar ni da aikinki. In mace ta rasu a Tudun Wada, ni ake aiko wa in zo in yi mata wanka, wani lokaci har daga Kwangila. Ina tsinkar ganyen magarya kamar yadda kike yi, in naɗa tsumma a hannu, in fara da dama. Abin da na kasa koya shi ne saurinki wajen yanka likkafani.

Kin tuna ranar da kika fara shiga da ni in zuba miki ruwa? Lokacin ina goyon takwararki Ummi. Da muka gama kika riƙe ni a bakin ƙofa, kika ce, "Abin da idonki ya gani a ɗakin nan, ki bar shi ya bi ruwan wankan. Ko mijinki bai da rabo a ciki." Na ce to, ina ganin abu ne mai sauƙi.

Sai ga mutuwar Jummai, 'yar Goggo Lami mai waina, ta bayan layinmu. Budurwa ce mai yawan dariya, tana koyon ɗinki, ita ta ɗinka wa Ummi rigar suna. Da hantsi aka aiko, aka ce zazzaɓi ne ya ɗauke ta.

Muna yaye zanen na gane ba zazzaɓi ba ne. Na ga jinin, na ga tsummokaran da aka cusa ƙarƙashin gado, na tsaya da zuba ruwan. Kallo ɗaya kika yi min na nutsu. Kika wanke ta a tsanake, kika yi mata kalaba uku, kika ce a ƙaro turare. Tsummokaran nan kuwa kika ƙunshe su cikin mayafinki, kika fito da su ta tsakiyar mata kamar kayanki ne. A bayan gidanmu kika binne su.

Matan da ke kan tabarma duk sun miƙa wuya. Wata ta kasa haƙuri ta tambaye ki yadda kika gan ta. Kika ce, "Na ga baiwar Allah ta riga mu, saura mu." Daga nan ba a sake jin komai a bakinki ba har kika koma ga Allah.

Goggo Lami ta san mun gani. Tun daga ranar ta daina bi ta ƙofar gidanmu, sai ta zagaya ta bakin masallaci ko da rana ta take. Bayan rasuwarki tsoron nata ya dawo kaina. In muka haɗu a gidan biki sai ta ja tabarma ta koma can gefe, in na gaishe ta ta amsa tana kallon ƙasa. Tsohuwar nan ta yi shekara da shekaru tana jiran ranar da bakina zai suɓuce, mutuncinta da na 'yarta ya zube a unguwa.

To yanzu gari ya ɗauki muhawara a kan zubar da ciki. A rediyo ana yi, a wayoyi ana yi, har a layin ɗiban ruwa. Doka dai kamar yadda kika bar ta take: ba a yarda ba sai in ran uwa ne ke cikin haɗari. Wasu na cewa a sassauta, wasu na cewa ko kusa.

Takwararki ta zama ma'aikaciyar jinya, kuma ta gado taurin kanki kaf. Ita tana cikin masu cewa a sassauta. Ta ce ta gaji da karɓar yara a ƙurarren lokaci, bayan wani mai kemis ya gama ɓarna a ɗakin baya, ko an ɗura musu jiƙe-jiƙe. A ganinta dokar ba ta hana komai ba, ta dai tura abin cikin duhu. In tana maganar nan har idonta yakan kawo ruwa.

Malama Zulai ta Islamiyyarmu kuma tana ɗaya ɓangaren, kuma ba muguwar mace ba ce, kin san ta. Ta ce abin da ke cikin ciki amanar Allah ce, ba shi da bakin kare kansa, kuma in aka buɗe ƙofar nan samarin banza ne za su fi kowa murna. Ita ma in tana magana muryarta rawa take yi.

Aka shirya taron mata a wani aji na makarantar unguwa don a tattauna. Inna, karo na farko ke nan da aka yi ta sallama ana nemana alhali ba wanda ya mutu! Malama ta zo ta ce in tashi in faɗa wa 'yan mata irin ƙarshen da na gani, ko sa ji tsoro. Ummi kuma ta tsare ni a madafa, ta ce in faɗi irin yaran da na wanke, ko masu doka sa ji kunya. Ta ce ba sai na kama suna ba.

Yarinya ke nan. A Tudun Wada ana bukatar suna? In na ce wata budurwa mai koyon ɗinki, kafin in zauna matan bencin baya sun gama lissafi sun kai ƙofar gidan Goggo Lami. Na yi kwanaki ina juya abin, domin maganar Ummi ta taɓa ni. In shiruna ne ke sa wasu yaran mutuwa fa? Ban taɓa jin nauyin abin da kika ɗora min kamar a kwanakin nan ba.

Ranar taro aji ya cika, har da matan coci daga Wusasa. Ina shiga na hango Goggo Lami a can baya kusa da taga, ta jingina sandarta da bango. Da aka kira ni, aka ce ga mai wankan gawa za ta faɗi abin da ta gani, sai na ga tsohuwar ta runtse ido ta damƙe gefen benci.

Na tashi. Na ce musu ni 'yar Inna Mai Magarya ce, kuma a gidanmu ba a fito da gawa daga ɗakin wanka sai a cikin likkafani. Na ce duk wadda na wanke ta ba ni jikinta ne a ranar da ba ta iya rufe kanta, don haka ba zan kawo ko ɗaya nan ta zama hujjar kowa ba. Ummi ta sunkuyar da kai, Malama ta shiga gyaran hijabi.

Amma ban zauna ba, domin ra'ayi nawa ne, shi ina da ikon bayarwa. Na ce zuciyata ba ta yarda a mai da cire ciki abin wasa ba, kuma maganar gyaran doka ta fi ƙarfina, sai malamai da likitoci sun zauna da tsoron Allah. Abu ɗaya na sani: yarinyar da ke zubar da jini magani take bukata kafin tambaya. Duk dokar da za ta sa uwa ta ji tsoron kai 'yarta asibiti, akwai abin dubawa a cikinta. Kuma ba doka kaɗai ba, har da bakinmu mu mata, domin shi ma ana tsoronsa kamar ɗan sanda.

Ina zama na ji ƙarar sanda a siminti. Goggo Lami ce ta miƙe. Ba wanda ya kira ta.

Ba zan manta kalamanta ba. Ta ce, "Ku bar yarinyar nan, ba za ta faɗa ba, uwarta ma ba ta faɗa ba. Ni zan faɗa, tawa ce. Jummaina ba zazzaɓi ya kashe ta ba. Kwanaki tana zubar da jini a ɗakina, tana cewa Goggo kai ni asibiti, ni kuma ina tsoron 'yan sanda, ina tsoron bakinku. Na rufe ƙofa ina ba ta jiƙo har ta tafi."

Sannan ta ambace ki, Inna. Ta ce duk shekarun nan tana kasa kunne a rijiya da gidan suna ta ji maganar ta fito, ba ta taɓa ji ba. Ta ce shirunki ne ya bar ta ta ci gaba da suyar waina a unguwar nan, ƙannen Jummai suka yi aure ba a goranta musu ba. Yau da ta ga an matsa wa 'yarki ta kowane gefe ba ta buɗe baki ba, sai ta ji ta gaji da ɓuya.

Wallahi kaina ya yi girma a wurin nan. Ina kuka ina alfahari da ke. Ba ki taɓa tsayawa gaban taro ba, amma ranar nan sunanki ya cika ajin, har wata dattijuwa daga cikin matan coci ta zo ta riƙe hannuna ta ce Allah ya ji ƙan uwar da ta haife ni.

Kada ki ɗauka muhawarar ta ƙare. Ummi tana nan a kan bakanta, Malama ma haka, in sun haɗu a zaurenmu sai na raba su da fura. Sai dai na ji da kunnena Malama tana gaya wa ɗalibanta cewa kai mai zubar jini asibiti wajibi ne, ko me ya jawo shi. Ummi kuma ta daina ce min shiruna tsoro ne.

Shekaranjiya bayan la'asar na ji sallama. Goggo Lami ce, ta ƙofar gidanmu, ba zagaye. Ta zauna a gindin magaryarki, a daidai inda kike shimfiɗa buzunki, ta sha ruwa, ta ce in rubuta labarin Jummai ko wata uwar za ta buɗe ƙofa da wuri. Da za ta tashi ta miƙa hannu ta tsinki ganye kaɗan ta damƙa min, ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in ranarta ta zo, ni take so in wanke ta, kada a kira kowa.

Na amsa mata, Inna. Na san da kina nan ke za ta roƙa.

Allah ya gafarta miki, ya rufa miki asiri ranar tsayuwa kamar yadda kika rufa na 'ya'yan mutane. Allah ya ji ƙan Jummai da abin da ke cikinta, ya sanyaya zuciyar uwarta, ya shirya mana 'ya'yanmu, ya ba masu yanke hukunci tausayi da tsoronsa. Ni kuma ya ba ni ikon riƙe bakina har ranar da wata za ta tsinko min ganyen.

Taki har kullum,
Binta, mai zuba miki ruwa.