Makankari a Randar Zamzam

Tirwun, Bauchi.

Zuwa ga ƙanena Fakhruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka daga sanyin Amurka da kuma taɓon nan da ka zaɓi ka ƙare ƙuruciyarka a cikinsa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta zauna sosai, masarar bayan gida har ta fi ni tsayi. Inna ta dawo daga aikin hajji lafiya, in ban da tarin da kowane alhaji ke dawowa da shi. Maigidana Malam Ɗanlarai ya gama rufin ɗakin baƙi. 'Yarka Mas'uda ma tana nan ƙalau, ta miƙe, har ta fara ɗaura zannuwana.

Na zaɓi in ba ɗan Kawu, Mansir, takarda ya kawo maka tunda zai koma can, maimakon in kira ka, domin a waya kana da baki. Ka iya katse mutum da dogon bayani har ya manta abin da ya zo faɗa. Saƙonka ya iso, cewa a shirya Mas'uda ta biyo shi, ka samo mata makaranta, ka gyara mata ɗaki. To, ba za ta zo ba. Na fara da wannan ne don kada ka yi ta karatu kana sa rai. Sauran bayanin kuma haƙƙinka ne ka ji, tunda kai ka jawo shi.

Aikin naka na gane shi sarai, kada ka ɗauka jahilci ne ke magana. Ka ce a inda kogi ke shiga teku, takin zamanin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki yakan haɗu da ƙazantar gari, ruwan ya yi kore, kifi ya rasa iska ya mutu. Ku kuma sai ku zuba kawa, wannan halitta mai ɓawo biyu, 'yar'uwar makankarin da Inna ke kankare ƙanzon tukunya da shi a da. Ita kuma ta yi ta zuƙar ruwan tana tacewa, tana mai da dattin nama da ɓawo har ruwa ya washe. Madalla. Baba, Allah Ya jiƙansa, ya yi kiwon shanun da ke amsa kiransa tun daga nesa, ga ɗansa yana kiwon abin da ba shi da ko kan da zai ɗaga ya dube shi. Amma kowa da kiwon da ya karɓe shi, ban ce komai ba.

Da ka tsaya can da abinka da babu ruwana. Sai ka turo wa yarinya bidiyon nan na tankunan gilashi biyu, ɗaya da kawa ɗaya babu, ka ce mata 'yan'uwansu na ruwan daɗi ma suna wannan aikin. Tun daga ranar ba mu huta ba. Ta yi ta yi wa Hammadu mai kifi naci, wanda ke kawo mana tarwaɗa daga dam ɗin Gubi, har ya kawo mata makankari masu rai a bokiti. Ta ɗebo ruwan rijiyarmu, wanda damina ta gurɓata, ta zuba a baho, ta jera su ciki, ta zauna gadi kamar mai jiran tuwo ya nuna. Ba zan yi maka ƙarya ba, kafin la'asar ruwan ya washe har ana ganin gindin baho. Ta yi ta tsalle tana kiran mutanen gida su zo su ga aikin babanta. Ban taɓa ganin ta yi irin wannan murnar a kan wani abu da ni na yi mata ba.

Ana cikin haka Inna ta dawo da jarkarta ta zamzam. Kamar yadda aka saba, aka juye a sabuwar randa, aka ƙara ruwan gida don ya ishi masu zuwa sannu da zuwa. Inna ta leƙa ta ce ruwan bai yi haske ba, tana jin kunyar ba baƙi. 'Yarka tana gefe tana ji. Ba ta shawarci kowa ba, ta kwashi rabin dabbobinta ta zuba a randar, ta mai da murfi ta danne da dutse don kada a gani kafin aikin ya kammala. Wai so take ta ba kakarta mamaki. Ga zafi, ga babu iska, sai suka mutu a ciki. Washegari da hantsi dangin Malam suka cika gida, na Yelwa da na GRA, ciki har da yayarsa Hajiya Aishatu, wadda ka san bakinta. Ita ce ta ɗaga murfin da moɗa a hannu, da bismillarta. Warin da ya taso, Fakhruddeen, har zaure aka ji shi. Ruwan da tsohuwa ta yi shekara da shekaru tana roƙon Allah Ya kai ta ta ɗebo, a gindin mangwaro muka kwarara shi, don ba ma iya zubar da shi a rariya.

Ban taɓa ta ba, kada ka ji an ce na doke ta. Duka yana warkewa da wuri. Tsayar da ita na yi a tsakar gida, gaban baƙi, na ce ta yi musu bayanin aikin babanta yadda ta saba yi mana. Ta fara ƙasa-ƙasa, wai suna shan datti ne don ruwa ya gyaru. Na ce ta ɗaga murya, na baya ba su ji ba. Da ta gama sai Hajiya Aishatu ta tambaya ko da gaske ne can har cin abin ake yi. Na ɗauko waya na nuna musu ɗaya bidiyon da ka turo, inda kake tsaye cikin taɓo har ƙugu, ka ɓare ɗaya ka zuƙe shi ɗanye kana dariya. Wata ta tofar da yawu, wata ta ce ashe karatun da aka yi ta yayatawa na kwasar ƙazanta ne. Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Sannan na sa ta tsamo matattun da hannunta, ta ɗauka a kai zuwa bola ta gaban 'yan unguwa. Yanzu daga nan har makarantarsu ba mai kiranta sai 'Yar Makankari.

Inna ta yi kuka, amma ba don ruwan ba. Ta ce yarinya don ƙauna ta yi, Allah Yana duban niyya, in bar maganar haka. Na ce mata icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Inna ta tsufa, tausayi ya yi mata yawa. Ragowar masu ran da ke baho na sa Mas'uda ta juye su a kan siminti cikin rana, ta tsaya har suka buɗe baki, kaji suka gama da su. Ta roƙe ni in bari Hammadu ya mai da su dam. Na ce a'a. Da yamma na zaunar da ita na gaya mata cewa kai ka san suna mutuwa in an rufe su, amma ba ka ga ta kai ka faɗa mata ba, domin wanda ke can nesa bidiyo kawai ya iya turowa, kunyar kuwa na kusa ke sha. Ko ka sani ko ba ka sani ba, oho, ita dai ta yarda.

Za ka ce na yi mugunta. Faɗi. Tana jaririya uwarta ta rasu, ka miƙo min ita cikin zanen goyo ka tafi neman ilimi. Allah bai ba ni haihuwa ba, duk dangi sun sani. Ni na goya, ni na yi jinyar ƙyanda, ni na koya mata alwala da kitso. Kai kuwa ka kira sau ɗaya a mako, ka nuna mata teku, sai ta wuni tana Abba ya ce, Abba ya yi. Abin yana ci min rai, kuma tun da ka fara zancen ɗaukarta tsoro bai bar ni ba. Da Hajiya Aishatu ta ɗaga murfin nan, kowa salati ya yi, ni kuwa a zuciyata hamdala na yi, domin abin da na kasa yi da baki shekara da shekaru, dabbobinka sun yi min shi a yini guda. Ba a fafe gora ranar tafiya, ƙanena.

Kada ka ce ni na hana ta. A gaban Inna da Malam na tambaye ta ko tana son zuwa wurinka, ta sunkuyar da kai ta ce ba ta so. Ranar Juma'ar da ka yi ta kira ba a ɗauka ba, wayar tana kan tabarma kusa da ƙafarta. Ta dube ta har wayar ta gama ƙara, ta ci gaba da tsince shinkafa. Ɗakin da ka gyara ka zuba kayan aikinka a ciki, kada ya zauna a banza.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙe salla, ta kuma ce ka yi haƙuri. Malam Ɗanlarai yana gaisuwa, haka Kawu Hammawa da iyalinsa. Ka gaida matarka Jemima, ka yi wa Mansir godiyar ɗaukar saƙo. Kafin in naɗe takardar na tambayi Mas'uda ko tana da abin da za a rubuta maka. Ta ce in gaida Kawu Fakhruddeen. Ban gyara mata ba. Allah Ya bar zumunci.

Taka har kullum,
Adda Hamsatu.