Koren Labulen Falonmu

Córdoba, ranar Lahadi

Zuwa ga yayana Fabián,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maite da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa zafin Málaga bai gasa ku ba. Mu nan lafiya lau. Inna Delfina ta rabu da tarin nan, har ta koma gulmarta, ka ga sauƙi ya samu ke nan.

Maganar ɗakin da ka gyara wa Mama ce ta sa na ɗauki biro. Ka ce tun rasuwar Baba kaɗaici da ciwon gwiwa sun gama da ita, gara ta koma wurinka. Ni ma na yarda, sai ran Juma'a da ɗalibaina suka matsa mini in kalli fim ɗin wasan da mawaƙan rock ɗin nan suka yi a filin bakin kogi. Rana tsaka, jita na kuka, jama'a kamar za su tsaga ƙasa, kowace unguwa da tutarta. Da kyamara ta bi ta kan taron, sai na hango wata koriyar tuta an rubuta mata Alberdi, unguwarmu. Fabián, labulen falonmu ne, wanda aka ce mana asu ya cinye. Mai riƙe da sandar kuwa Mama ce, tana tsalle, bakinta na bin waƙar tiryan-tiryan. Dattijon nan Don Eusebio mai faci na gefenta, rungume da jakarta.

Na yi ta maimaita wurin har ɗaliban suka fara tausaya mini. Ba tsallen ne ya ɗaure mini kai ba. Yaushe ta haddace waƙoƙin? Matar da ta ƙwace jitarka ta kulle a kabad? Ko dama can tana saurare ne in mun tafi makaranta?

Jiya na je na nuna mata. Ko fasa zuba ruwa a shayinta na mate ba ta yi ba. Ta ce mai kyamarar bai san aikinsa ba, ta mummunan ɓangarenta ya ɗauke ta. Da na tambayi gwiwa, ta ce tana nan, amma sai ka bugo waya take tashi, don in ba ciwo ba ku da abin hira. Ta kira ni Malama sarkin bincike, wai da digiri biyu ko tafi ban iya ba. Batun Don Eusebio kuwa, ta ce jakar da nauyi. Iyakar bayanin ke nan.

Ta ce Málaga dai ba za ta ba, amma ba ta iya faɗa maka, wai tun kana yaro hawayenka a kusa suke. Don haka kada ka sayi tikitin. Na turo maka fim ɗin, ka kalla kafin ka yi fushi.

Ka gaida Maite da Iker da ƙaramar Nerea. Inna Delfina na gaishe ku. Mama ma na gaisuwa daga kan keken ɗinki. Akwai wani wasan wata mai zuwa, kuma na lura tagar tsohon ɗakinka babu labule.

Ƙanwarka,
Griselda