Hedifon Ɗin Baba Ya Mutu Kunne Ɗaya

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Mahaifina yana zuwa wankin ƙoda. Awanni yake yi a kwance, na'ura tana ƙara a gefensa, shi kuwa ba ya son ƙarar ko kaɗan. Shi ya sa na saya masa hedifon mai toshe hayaniya. Da ya saka shi ya kunna karatu sai ya lumshe ido, wani lokaci har barci yake yi. To yanzu kunnen hagu ya mutu, na dama kuma yana tsinkewa.

Garantinsa bai ƙare ba, amma mai shagon ya ce sai an aika kamfani, zai ɗauki makonni. Maigidana ya ce wayar cikinsa ce kawai ta saki, har ya sayo ɗan sukundireba zai kwance shi. Anti, mutumin nan ne ya buɗe mana injin markaɗe bara, har yau gutsattsarinsa na cikin leda. Kuma an ce da zarar an kwance shi, garanti ya tashi. Idan na hana shi zai ce na raina shi. Idan na aika kamfani, yaya Baba zai yi jibi, ranar da zai koma wankin ƙoda? Ko abinci ba na iya ci sosai.

'Yar Baba

'Yar Baba, sannu da ɗawainiya.

Maigidanki yana iya yin gaskiya, sau da yawa waya ce kawai. Sai dai irin wannan hedifon cikinsa a cunkushe yake, hannu ya ɗan kauce kin rasa shi, kin rasa garanti. Gyaran gida na wanda garantinsa ya ƙare ne.

Ki gwada shi a wata wayar salula tukuna. In bai tashi ba, ki ɗauki rasit ki mayar, ki tambayi mai shagon ko zai ba ki aro. In babu, wani hedifon mai sauƙin kuɗi zai riƙe Baba kafin nan. Maigida kuma ki roƙe shi ya bi miki sawun shagon, taimako yake nema ya yi.

Jibi kuwa, in asibiti sun yarda, ki ja kujera kusa da kunnensa ki yi masa hira. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ki ci abinci.