Kish da kilishi saboda Rakiya

Laraba da dare, 12 ga Maris

Yau kish, wainar nan ta Faransawa ta ƙwai da madara cikin ɓawon fulawa, ya kada ni, amma ban haƙura ba.

Ɗiyata Rakiya ce ta jawo. Ta kira daga makaranta, Parakou, tac ce: "Inna, kullum ina wuce shi cikin gilashin mai burodi. Ƙamshi kamar me, amma da naman alade suke yi, ban taɓa sa shi a baki ba." Da dariya ta faɗa. Ni ban yi dariya ba.

Sai na sayi kilishi madadin naman, da cukun wagashi wurin wata Bafulatanar Toumboutou, da albasar Garou. Ba ni da fur na gashi, don haka na zuba rairayi cikin babbar tukunya, na ɗora farantin kish ɗin a kai, na rufe, na jera garwashi bisa murfi.

Sama ya ƙone, tsakiya ruwa tsundum. Wauta tawa ce, na sa wagashi ɗanye ban matse ba. Kilishin kuma ya yi tauri kamar igiyar takalmi.

Maigidana Malam ya leƙo ya ce: "Wannan wainar ƙwai ce ko fura?" Na ce ya ci ko ya ba ni wuri. Ya cinye gefe guda, wai don kar a yi ɓarna.

Gobe zan soya wagashin tukuna, in jiƙa kilishin, in rage wuta.

Juma'a Rakiya za ta iso. Ɗiyata ta gama kallon abinci ta bayan gilashi.