Yatsun Matan Zurmi

Zurmi, 6 ga Maris, 2000

Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aikin ofis. Mu nan sai godiya.

Ga takardun nan na ba direban Abuja. Mata dubu da ɗari biyu da sha ɗaya ne sunka sa hannu, galibi dangwale, suna roƙon a kawar da makaman nukiliya gaba ɗaya, na kowa da kowa. Kai ka ce in tara, za ka miƙa su a taron rage makamai na New York tunda kana cikin tawagar ƙasarmu.

Yaya, na sha wuya kafin su taru. Tun da Pakistan ta gwada nata bam ɗin mutanenmu ke murna, wai musulmi ma sun yi ƙarfi. Wata goma sha huɗu ina bin gida gida in na tashi daga makaranta, har Birnin Tsaba, ina bayanin abin da gubar bam ke yi wa jariri tun yana ciki. Sai anka fara cewa malamar kimiyya 'yar aiken maƙiya ce. Da Shari'a ta zo, maganar ta ƙara nauyi. Iyaye bakwai sun cire ɗiyansu daga ajina. Maigidana Abbati an karɓe ladanci daga hannunsa, bayan shekara tara yana kiran salla.

Duk da haka ban yi nadama ba. Don Allah ka kiyaye takardun daga ruwa, tawadar ba ta da ƙarko.

Ƙanwarka,
Zuhura

Katuru, 19 ga Yuni, 2000

Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da dawowa, da fatan gajiya ta bi lafiya. Kada ka yi mamakin adireshin, an yi mani canjin wurin aiki zuwa ƙauye, ba tare da an faɗi dalili ba.

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta sau uku. Ka cika shafi biyu da labarin yadda kunka yi mako huɗu kuna jayayya kan kalma guda, har manyan ƙasashe sunka yi alkawarin kawar da makaman, wanda babu rana a cikinsa. Sai a layin ƙarshe ka ce takarduna suna cikin durowarka a Abuja, ko jirgi ba su shiga ba. Wai ka ji tsoron a ga dangwale a yi wa ƙasa dariya.

Da wani ne ya hana ka, da na ce ƙaddara. Kai da kanka ka duba yatsun matan garinku ka ji kunya.

Na koma Zurmi ranar Juma'a, na tara waɗanda zan iya tarawa na gaya masu gaskiya. Babu wadda ta zage ni. Goggo Iyatu, wadda ta dangwala a ɓoye saboda ɗanta ya hana ta, ta tambaye ni ko da sun iya rubutu da an saurare su.

Mutum ɗaya ce ban gaya wa ba. Ka buɗe shafi na huɗu na takardun, na uku daga sama, yatsan Inna ne. Kullum tana gaya wa maƙwabta yatsanta ya je Amurka a jakar ɗanta, ya hana yaƙi. Ni ba zan iya gaya mata ba. In ka zo salla, ka zauna gabanta ka faɗa mata da bakinka.

Ka gaida iyali.

Ƙanwarka,
Zuhura