Tukunyar Inna da Awa Ɗaya da Rabi

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni ce auta a gidanmu, ina aikin jinya a wani gari mai nisa. Da aikin ya samu Inna ta ƙi yarda, sai na nuna mata a waya cewa awa ɗaya da rabi ce a jirgi. Na ce mata, in ta ɗora tukunya, kafin ta sauke na iso. Wallahi ni ma haka na ɗauka.

Ashe kafin in ratsa cunkoso in kai filin jirgi, a bincike jaka, a yi ta ɗaga lokacin tashi, in sauka in nemi motar garinmu, yini ya tafi. Ita kuwa Inna da ta ji na fito sai ta ɗora girki, ta ja kujera bakin ƙofa. Ina isowa abinci ya huce, ita ma ta huce. Yanzu ƙafa ta matsa mata. Yayana, wanda ke kai ta asibiti, kullum sai ya turo mini hoton allon waya mai nuna awa ɗaya da rabin nan, ba ko gaisuwa. Jiya Inna ta ce in daina wahalar da kaina, ta gane. Wannan "ta gane" ɗin ne ya tsaya mini a rai. In ajiye aikin ne in koma?

Autar Inna

Autar Inna, sannu. Wayarki ba ta yi ƙarya ba, tsakanin fili da fili ta auna miki. Sai dai ba a gina ɗakin Inna a bakin titin jirgi ba.

Kada ki ajiye aiki cikin ɓacin rai. Yayanki kuma ba lissafi yake koya miki ba, gajiya ce yake faɗa da hoto. Ki kira shi ki yi masa sannu, sannan ku raba nauyin: ki riƙa haɗa hutunki ki zo ki kwana biyu, shi ya huta, maimakon leƙen da rabinsa ke ƙarewa a kujerar jira. In ciwon ya ƙaru, sai ki nemi canjin wurin aiki.

Inna kuwa, da tukunya kika yi mata alkawari, da tukunya za ki gyara. Ki zauna kusa da ita ki kwatanta mata hanyar tun daga ƙofarki har tata, ki ce kin yi kuskuren awo. Daga yau kada ki kira ta kina filin jirgi. Ki bari sai kin shiga motar ƙarshe, sannan ki ce ta ɗora.

Allah ya ba Inna lafiya, ya sa ki tarar da abincin da zafinsa.